Rijiyar Burtsatse Ba Ta Haifar Ruwa



A zamanmu na ƙarshe an yi muhawara mai zafi a kan abin da za a yi da kuɗin gudummawar bana. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ce a ƙara haƙa rijiyar burtsatse, a gayyato manyan baƙi ranar buɗewa, a dasa 'yan itatuwa a gefenta. Da na miƙe na ce a raba kuɗin, a ware wani kaso domin gyaran ƙasa da bakin rafi, sai wani yayana da nake girmamawa ya ce, "Sakatare, mu ƙishirwa muke ji, kai kuma kana yi mana zancen itace." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida maganar ta hana ni barci, domin na gane cewa yawancinmu muna ganin ruwa daban, itace daban, gona daban. Wannan rubutun ra'ayina ne ni kaɗai, ƙungiya ba ta aiko ni ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da tambayar da na so in yi wa yayana a ranar, kunya ta hana ni. Ruwan da burtsatse ke fitarwa, daga ina yake zuwa? Wasunmu suna tsammanin akwai wani babban kogi a ƙarƙashin Tungan Magajiya wanda in an zurfafa haƙa za a tarar da shi. Ƙasarmu ta Rijau a kan dutse take zaune. Ruwan da muke samu yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke cikinsa, kuma ruwan saman da ya nutse cikin ƙasa da damina shi ne yake cika waɗannan tsagogin. In ruwan sama ya nutse, rijiya ta samu. In ya gudu a kan ƙasa ya faɗa kwari ya wuce, rijiya ta yi asara. Burtsatse kamar tsinken shan fura take a cikin ƙwarya: kana iya zura tsinke goma, amma furar da aka dama ita ce dai za a sha. Mu zagaya unguwanni da ƙauyukanmu mu ƙirga fanfunan tuƙa-tuƙa da aka buɗe da tafi da guɗa, waɗanda yanzu daga watan Maris sai iska suke fitarwa. Wasu lalacewa suka yi, gaskiya ne, amma wasu lafiyarsu ƙalau, ruwan ne ya janye.

Kada wani ya ce mini Allah bai ba mu ruwa ba. Yankin Kontagora yana samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, wani lokaci ya fi haka. Ga wanda lissafin nan bai yi masa ma'ana ba, ga fassararsa. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan gonar hekta ɗaya tana karɓar lita miliyan 10 a damina guda. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana karɓar lita 100,000, wato duro 500, ko jarka 4,000 mai cin lita 25. Wannan duk a kan rufin gida ɗaya. Mu kuma me muke yi da shi? Muna kallonsa yana zuba daga indararo, ya haƙe gindin katanga, ya cinye hanya, ya kwashi ƙasar gona ya tafi da ita. Bayan wata biyar sai mu tura 'ya'yanmu mata da asuba su yi layi a bakin fanfo, su makara a makaranta.

Ina yaro, rafin da muke wanka a ciki yana riƙe ruwa har bazara. Ko inda ya ƙafe, in ka tona yashi da hannu kamu ɗaya ko biyu sai ruwa ya taso. Bakin rafin duhu ne saboda ɗinya da kanya da maje, ga gamba da jema sun rufe gaɓa. Duk wanda ya kai shekara arba'in a cikinmu ya san abin da nake faɗa. Yau an nome har bakin ruwa, an sare na sarewa, an ƙone na ƙonewa. Da ruwan farko ya sauka sai rafin ya cika da jan ruwa kamar an dama kunun kanwa, ya yi ta ruri kwana biyu, sannan ya janye. Wannan jan da muke gani a ruwan, ƙasar saman gonakinmu ce, wadda kakanninmu suka shekara da shekaru suna ginawa da taki da hutu. Muna sayen takin zamani da tsada mu zuba, ruwa ya kwashe shi tare da ƙasar, mu koma mu ce takin bana ba shi da kyau.

Na san amsar da ake bayarwa: sauyin yanayi ne, Turawa ne suka jawo da masana'antunsu, mu ba abin da za mu iya. Rabin maganar gaskiya ne. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma mu ne muke shan wahalar. Masana sun tabbatar da cewa iska in ta ƙara zafi tana ɗaukar danshi mai yawa, shi ya sa ruwa yanzu yake zuwa da ƙarfi a lokaci guda, sannan ya ɗauke kwanaki masara tana naɗe ganye. Mun ga abin da ya faru da 'yan uwanmu a Mokwa ranar 29 ga Mayu, 2025, inda ambaliya ta shiga Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane suna barci, aka rasa rayuka fiye da 150. Allah Ya jiƙansu. To amma sai mu tambayi kanmu, tunda mun san ruwan yanzu da duka yake zuwa, me ya sa muke tuɓe wa ƙasa riga? Mutumin da ya ji an ce za a yi sanyi mai tsanani, sai ya ɗauki bargonsa ya sayar, wannan ba zai ɗora wa hunturu laifi duka ba. Baturen Jamus bai zo ya sare kaɗanyar gonar kakana ba, mu muka sare ta da hannunmu.

Wannan ya kawo ni kan gawayi, kuma a nan na san zan taka sawun wasu. Duk mai bin hanyar Kontagora yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, da motocin da ke lodinsu zuwa birane. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka, kasuwar gawayi ta buɗe. Mai gawayi kuwa ba ya son itace mai laushi. Ƙirya yake nema, da marke, da kaɗanya, domin su ne masu nauyi da daɗewa a wuta. A irin ƙunar da muke yi ta binnewa da ƙasa, sai an ƙona ice mai nauyin buhu biyar ko fiye kafin a samu buhu ɗaya na gawayi, sauran ya tafi a hayaƙi. Kafin gawayi ma mun ga abin da masu injin yankan katako suka yi wa madobiya a dazukan ƙasar nan, ana lodinta zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017.

Mu tsaya a kan kaɗanya. Itaciyar nan tana kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, in kuma an bar ta tana iya rayuwa shekara 200. Jihar Neja ce kan gaba a Najeriya wajen kaɗe, har Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensa waje a watan Agustan 2025 domin a riƙa sarrafa shi a cikin gida. Wato a daidai lokacin da duniya ke neman man kaɗe, mu muna mayar da uwar kaɗen gawayi. Wa yake tsintar kaɗe? Iyayenmu mata da matanmu. Da kuɗinsa suke sayen sabulu da littafin yara da kayan ɗakin 'ya'ya mata. Haka ɗorawa: kalwa, daddawa, garin ɗorawa, duk hannun mata suke shiga. Namiji ya sare itaciyar ya karɓi kuɗin yini ɗaya, ya yanke wa matarsa da jikokinsa kuɗin shiga na shekaru masu yawa. In da wani baƙo ne ya zo ya kwashe akuyoyin matanmu, da mun fito da sanduna. Amma da yake mu ne muke yi da gatari, sai muka kira shi neman abinci.

Za a ce, Sakatare kai kana da albashi, ba ka san yunwa ba. Na san ta, a gidan manomi aka haife ni, kuma har gobe ina noma. Ban zo in zagi yaron da ya ƙona gawayi domin mahaifiyarsa na kwance a asibiti ba. Wanda nake magana da shi shi ne dillalin da yake ba yara kuɗin gaba su shiga daji, da mai gonar da yake sayar da itatuwan gonarsa a tsaye, da mai riƙe da sarauta ko muƙami wanda mota take wucewa ta gabansa ya kau da kai saboda an san yadda aka yi da shi. Sannan ina magana da mu 'yan ƙungiya da ke zaune a Minna da Abuja da Kaduna, waɗanda in mun zo gida ba ma komawa sai da buhu biyu a bayan mota saboda ya fi araha. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni kaina na taɓa yi, kuma na daina.

Akwai kuma masu cewa a sare dajin ma ya fi, tunda 'yan bindiga a ciki suke ɓuya. Ba wanda zai raina wannan tsoron a ƙasar Rijau da Mariga da Magama, mun binne mutane, mun biya kuɗin fansa. Sai dai itatuwan da nake magana a kansu na cikin gonakinmu ne da bakin rafinmu, waɗanda muke gani daga ƙofar gida. Kaɗanya talatin a warwatse cikin hekta ɗaya ba ta ɓoye ko ɗan akuya. Rashin tsaron ma shi ne ya ƙara wajabta gyaran ƙasa, domin gonakin nesa sun gagara zuwa, kowa ya dawo kan na kusa da gari, ana noma su shekara bayan shekara ba hutu. Gonar da ta rage mana ita ce ya kamata mu fi tattali.

Yanzu bari in kai ku inda aka gwada abin da nake faɗa, wurin Hausawa 'yan uwanmu, ba Turai ba. Maraɗi tana samun kusan rabin ruwan da muke samu. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasarsu ta zama fili fetal, iska tana binne shukar gero da rairayi, manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama. An kashe kuɗi masu yawa ana rainon itatuwa a leda ana dasawa, mafi yawansu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da cewa 'yan ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma su bar wasu, su rage musu rassa, su kare su. Da farko dariya aka yi masa, irin wadda aka yi mini. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sake sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci a gonakinsu, maƙwabta suka gani, abin ya bazu daga manomi zuwa manomi. Suka sa masa suna sassaben zamani.

Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba wanda ya dasa su, barin su aka yi suka tashi. Yawancinsu gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi da rani. Abu biyu suka taimaka. Na ɗaya, manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Na biyu, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa manoma da mata da makiyaya, suka sa tara ga duk wanda ya sari na wani. A Burkina Faso kuma wani manomi, Yacouba Sawadogo, wanda bai yi boko ba, ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki a ciki, har ya mayar da shi kurmi. Shi da Rinaudo an ba su wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin a 2018. A Tawa ana kiran irin waɗannan ramukan tassa.

To in mutanen da ke samun rabin ruwanmu sun yi haka, mu wane uzuri gare mu? Ƙasarmu ba ta kai lalacewar tasu ba. Kututturen kalgo da taura da marke da ɗorawa da kaɗanya suna nan cike da gonakinmu, kowace bazara suna toho, kowace bazara muna bin su da adda da wuta. An koya mana cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tas kamar filin ƙwallo. Da tarakta ta zo sai ta ƙara mana wannan ra'ayin, domin mai tarakta ba ya son kututture, sai ya ce a tumɓuke. Ba na gaba da tarakta, kuma ina maraba da duk gwamnatin da ta ce noma ne a gabanta. Sai dai in an bar itatuwa a jere, da tazarar da injin zai wuce, tarakta da kaɗanya za su zauna a gona ɗaya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kankare ƙasa, a yi huɗa daga tudu zuwa gangare, a fesa maganin ciyawa har ba ko tsinke, sannan a yi mamakin yadda kwari ya tsaga gonar biyu.

Sai bikin dashen itatuwa da muke yi. Kusan kowace damina ana kawo tsirrai a leda, babban baƙo ya sa hula, ya riƙe shebur, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ina roƙon duk wanda ya san inda itatuwan bikin shekara uku da suka wuce suke, ya kai ni in gani. Akuya ta cinye wasu a makon farko, rani ya ƙarasa sauran. Dashe yana da amfani in akwai mai ba da ruwa da mai yin shinge, musamman mangwaro da kashu da zogale a gidaje da makarantu. Amma tsiron leda jariri ne, saiwarsa ba ta fi tafin hannu ba. Tohon kututture kuwa yana da saiwar babban itace da ta riga ta kai ga danshi, shi ya sa yake girma da sauri ba tare da an ba shi ko kofi ɗaya na ruwa ba. Muna kashe wanda Allah Ya ba mu kyauta, muna sayen wanda zai mutu.

Masu cewa mu jira gwamnati, su ma ga tasu. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, a Najeriya jihohi 11 na bakin hamada ya fi shafa. Kebbi da ke maƙwabtaka da mu tana ciki, Neja ba ta cikin jerin. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasa da ruwa shi ne aikinsa. Wannan haƙƙinmu ne, bashi ne da za a biya da sunanmu, ya kamata ƙungiya ta rubuta ta nemi kasonmu, kuma ni a shirye nake in rubuta takardar. Amma jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, ga Jebba a bakin iyakarmu, duk da haka mun san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana cewa kasancewar abu a kusa da kai ba ya nufin zai iso gare ka. Kuma duk shirin da zai zo, ya fi son ya tarar da mutane sun riga sun fara.

Ga abin da nake roƙon mu tattauna a zama mai zuwa, kafin a shiga sassabe.

Na farko, kowane ɗan ƙungiya mai gona ya ware ko da kadada ɗaya ya gwada sassaben zamani a bana. Yadda ake yi ba wuya. In ka zo kan kututture mai toho, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka yanke sauran da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon. Ka ɗaura ƙyalle domin 'yan ƙwadago su san ba na sarewa ba ne. Ka fara da ashirin zuwa arba'in a hekta. Abin da ka yanke ya zama itacen girki, kuma kowace shekara za ka samu wani.

Na biyu, mu daina ƙona kara da ciyawa a gona. Abin da dabba ba ta ci ba a bar shi ya rufe ƙasa, gara za ta ci ta buɗe ƙofofin da ruwa zai bi ya nutse. Mu yi kunya a gicciyen gangare, inda akwai duwatsu a jera su a kan layi, a dasa jema ko gamba a bayansu. Inda ya zama fako a haƙa tassa da rani, ramin da bai wuce taki ɗaya ba a faɗi, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu biyu. A ƙasa mai riƙe ruwa kada a yi tassa, shuka za ta ruɓe.

Na uku, mu koma juya shuka. Masara a kan masara a kan masara ita ce take kiran wuta-wuta. Waken suya da gyaɗa da wake suna da ƙulle-ƙulle a saiwa da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma masu bincike na Samaru da na IITA sun daɗe suna nuna cewa juyawa da waken suya yana rage wuta-wuta. Mu kuma dawo da tsohuwar yarjejeniyar da iyayenmu ke yi da Fulani, ta sauke shanu a gona bayan girbi. Na san zukata sun yi tsami, amma akwai Fulanin da muka tashi tare da su, mun san iyayensu, kuma ba kwamitin itace da zai yi aiki in babu ardo a ciki.

Na huɗu, mu je wurin masu unguwanni da dagatai da hakimi, Hausawa da Dukawa da Kambari da Fulani, Musulmi da Kirista, domin rafi bai san yaren kowa ba. Mu roƙi a sa doka ta gari: ba noma a cikin taku talatin daga bakin rafi, ba saran kaɗanya da ɗorawa ɗanye, kuma itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne. In an samu wannan, a kai maganar har fadar Mai Martaba Sarkin Sudan domin ta samu ƙarfi. A kwamitin a sa mata, su ne suka san kowace kaɗanya da inda take. Limamai da fastoci su taimaka da tunatarwa, domin duk mun taso muna jin cewa wanda ya raya itace yana da ladan duk wanda ya ci ko ya sha inuwa.

Na biyar, maganar kuɗin. Ban ce kada a taɓa harkar fanfo ba, mata suna wahala yau, ba za a ce su jira itace ya girma ba. Shawarata a fara gyara fanfunan da suka lalace, wanda ya fi haƙa sabuwa araha nesa ba kusa ba. A sa indararo da tanki a makaranta ɗaya domin a ga yawan ruwan da rufi ke tarawa. Abin da ya rage a yi gayya da shi a bakin rafi, a sayi abinci da kayan aiki, a ba matasan da ke ƙona gawayi aikin jera duwatsu da dashen jema, a biya su. Kuɗin rumfa da kujeru da lemon manyan baƙi kuwa, a bar shi a asusu.

Ba zan yi muku alƙawarin cewa rafi zai dawo a shekara ɗaya ba. Mutanen Maraɗi sun yi shekaru kafin su ga inuwa, kuma wasunmu ba za su ci 'ya'yan kaɗanyar da za su bari bana ba, kamar yadda wanda ya bar wadda muke ci yau bai san mu ba. Ni dai na riga na ɗaura ƙyalle a kan kututture talatin da biyu a gonata, duk mai son gani ya zo ranar Asabar da safe mu zagaya tare, ya zo da addarsa. Yayana da ya ce ƙishirwa yake ji, ina gayyatarsa shi ma, kuma ina neman afuwarsa in na yi tsauri. Ƙishirwar da yake ji ita nake ji, ita ce ta sa na yi wannan dogon rubutu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu bar wa na baya abin da ya fi wanda muka tarar.

Naku,
Sakataren Ƙungiya
Tungan Magajiya